Jirgin Mangwaro Bai Sauka Ba

Alhamis, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Mun dawo daga asibiti. Baban Radiyya yana sama yana barci, maganin da suka ba shi kafin su zura masa kyamara a ciki bai gama sakinsa ba. Likitarsa, Dokta Jang, ta fito ta same ni, ta ja kujera ta zauna. Tun da na ga ta zauna gabana ya faɗi, likitan ƙasar nan ba ya zama a banza. Ta ce sun ga wani abu a hanji, sun gutsuri kaɗan za su duba. Ba zan rubuta sunan da ta ambata ba. Abin da ba a tabbatar ba, ba zan ba shi masauki a littafina ba.

A mota, ido a rufe, harshe na harɗewa, abin da bawan Allahn nan ya fara tambayata shi ne ko mai shagon nan na Annandale, can Virginia, ya kira. An gama leƙa cikinsa, shi ta mangwaro yake yi.

Juma'a, 12 ga Mayu, bayan azahar

Mai shagon ya kira, na je ni kaɗai.

Shekara goma sha wani abu ke nan, duk watan Mayu sai Baban Radiyya ya sa an ajiye masa kwalin mangwaron Indiya a shagon nan. Na manyan kantuna ya ce kabewa ce ta ci ado. Wannan ne kaɗai yake kama da na bishiyar bayan gidansu a Samaru. Ranar da kwali ya iso ba wanda zai ce mijin nan nawa injiniya ne. Daga shi sai singileti, ya shimfiɗa jarida a barandar baya, ya luguiguita mangwaron da hannu biyu har cikinsa ya zama ruwa, ya ciji tsinin ya zuƙe. Wai sa wa mangwaro wuƙa raini ne. Ni da nake yankawa a faranti in ci da cokali mai yatsu, 'yar boko yake ce min.

Ina tsaye a layin biya, don rashin abin yi na karanta gefen kwalin. Wani koren tambari, kamar ganye biyu a cikin da'ira. Na sha ganinsa, na ɗauka alamar kayan gona ce. Yau na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasansa. An haska shi da radiyeshan, hasken nan mai ratsa jiki irin na hoton asibiti. Na tambayi yaron shagon, ya ce ai duk mangwaron Indiya sai an bi da shi ta na'urar kafin a bar shi ya shigo ƙasar, saboda ƙwari. Ya faɗa kamar yana gaya min farashin gishiri.

Ban shiga da kwalin cikin gida ba. Yana gareji, bayan tsohon keken Radiyya, na rufe shi da darduma.

Da na hau sama ya ce, "Ina kayana?"

Na ce, "Ba su iso ba. Jirgi ne ya makara."

Lahadi, 14 ga Mayu, hantsi

Tun jiya nake karatu a waya, idona har zafi yake. Sun ce idan hasken ya bugi mai ko kitsen da ke cikin abinci yakan haifar da wani sinadari mai dogon suna, da lamba biyu yake farawa, na kasa furta shi. Wasu masana sun ba ɓeraye, ɓerayen suka yi ƙari. Ciwon daji. A hanji.

Na ajiye wayar, na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Wasu kuma sun ce abin ɗan mitsitsi ne a abinci, hukumomi sun duba sun ce ba matsala. Na karanta nasu su ma, har sau uku. Amma ko'ina a jikin ɓera bai yi musu ba sai hanji?

Bai ci abin kirki ba yau. Cokali biyu na faten doya ya ture.

Litinin, 15 ga Mayu, da safe

Ya tambaye ni, "Hajiya Lami, jirgin ya sauka?" Na ce tukuna.

Talata, 16 ga Mayu, kafin magariba

Na yi niyyar zubarwa. Yau ake kwasar shara, na ɗauki kwalin har bakin titi, na ɗaga murfin bola, sai na ji muryar Inna, Allah ya jiƙanta, kamar tana bayana. Ita ko ƙwayar shinkafa ta gani a ƙasa sai ta tsince, ta ce abincin da aka wulaƙanta zai kai ƙara ranar gobe. Cikakken kwali, lafiyayye, ko tabo babu. Hannuna ya ƙi.

Sai na ce bari in bayar. Na tsallaka gidan Adiza, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, mai Hausar da ba ta raba mace da namiji, tana da yara huɗu masu ci kamar gara. Ta buɗe ƙofa, ta shaƙi iska.

"Ei, Hajiya Lami! Wannan ƙamshi paa! Na Alhaji ne ko? Shi ba ya sha?"

Ƙaramarta ta leƙo ta ƙarƙashin hannunta tana kallon kwalin. Na dubi bakin yarinyar nan. Abin da na hana mijina, shi zan miƙa wa 'yar mutane in kira shi sadaka? Na ce wa Adiza nuna mata kawai na zo yi. Ta dube ni kamar na taɓu.

Ba na zubarwa, ba na bayarwa, ba na ba shi. Gaba kura, baya siyaki. Na mai da shi bayan keke.

Laraba, 17 ga Mayu, azahar

Sun kira daga asibiti. Shi ne.

Alhamis, 18 ga Mayu, da safe

Garejin duk ya ɗauka. Ina buɗe ƙofar mota ƙamshin ya tare ni. Na cusa tsohon tawul a ƙasan ƙofar da ke shiga kicin.

Za a yi aiki ranar talatin ga wata. Dokta Jang ta ce kafin nan ya ci, ya ci sosai, tana son ya shiga da ƙarfinsa. Na yi masa farfesun kaza, na yi miyar kuka, na dama kunun gyaɗa. Ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake masa.

Jiya sun sa shi cikin wata na'ura mai kama da rijiya a kwance, don su ga ko abin ya yi tafiya. Da ya fito yana ɗaura agogo ya ce, "To, ni ma an haska ni. Saura a manna min tambari a goshi a sa ni a kwali."

Na tsaya cak. Na dube shi, yana ta fama da maɗaurin agogo, bai ɗago ba. Ban sani ba ko ya taɓa karanta gefen kwalin a shekarun baya, ko ya leƙa wayata. Ban tambaya ba.

Asabar, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Radiyya ta zo daga makaranta, na ɗauko ta a tashar Largo. Muna shiga gareji ta ɗaga hanci, ta nufi bayan keken kai tsaye, ta yaye darduma. Yarinyar nan hancin ubanta ta ɗauko.

Na yi mata bayani da Hausa, tana mayar min da Turanci, kamar kullum. Ta ce ba a taɓa nuna ya yi wa mutum komai ba. Ta ce kakanta na wajen uba me ya kashe shi, ba ciwon ciki ba ne da ba a san kansa ba, shi wace na'ura ta haska masa tuwo? Ta ce Abba ba ya cin komai, ga abu ɗaya da yake so a duniya, na binne shi a ƙarƙashin darduma. Sannan ta faɗi sunan ciwon, da ƙarfi, a cikin gidana.

Na ce, "Rufe min baki! Ke kika haife ni?"

Da Hausarta mai tsamin nan ta ce, "Umma, kina tsoro ne kawai."

Ƙwarai ina tsoro. Wa ya ce mata ba na tsoro? Ni na je na ɗauko masa kwalin nan shekara da shekaru, ni nake wankewa in jera masa a tire. In akwai ko ƙwayar zarra ta gaskiya a maganar ɓerayen nan, da hannuna na miƙa masa. Yanzu kuma a ce in ƙara masa a kan wanda ke ciki?

Na sa ta yi min alkawari ba za ta gaya masa ba. Ta yi, tana kuka.

Lahadi, 21 ga Mayu, bayan asuba

Na yi mafarkin ɓeraye farare sun zauna a layi a barandar baya, kowa da jaridarsa a shimfiɗe. Na yi tofi ta hagu. Ƙamshin ya shigo kicin.

Litinin, 22 ga Mayu, da yamma

Mun ga Dokta Jang, mu uku. Ta yi ta bayanin yadda za a shirya, abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, da wani magani na wanke ciki. Radiyya ce ke saurare tana gyaɗa kai. Ni hankalina na kan tambayata, ina juya ta a baki kamar goro.

Da suka fita auna shi na tsaya. Na nuna mata hoton tambarin, na gaya mata komai, har ɓerayen.

Ba ta yi min dariya ba, na ba ta wannan. Ta ce ta san binciken. Waɗancan ɓerayen sai da aka fara ɗura musu wata guba mai kawo ciwon, sannan aka yi ta ba su sinadarin fiye da abin da mutum zai samu a faranti. Ta ce mangwaro ma wane mai gare shi? Ta ce mutane da yawa suna zuwa mata da irin ciwonsa, ba su taɓa ganin mangwaron Indiya ba.

Na ce, "To ki ce min ba shi ba ne. Ki ce kin tabbata."

Ta mayar min da hoton. Ta ce ba ta ga dalilin zarginsa ba, kuma da mijinta ne za ta ba shi. Amma rantsuwa a kan abin da ya jawo wa mutum ɗaya ciwonsa, ba likitan da zai yi min ita.

Duk maganarta mai daɗi ce, amma wannan ta ƙarshen ita na taho da ita gida.

Talata, 23 ga Mayu, da safe

"Jirgin nan dai ko ta Samaru ya biyo?" Na ce wataƙila. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, yana tsammanin ban gani ba.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan azahar

Sun fara ruɓewa. Ƙananan ƙudaje sun cika garejin, kwalin ya jiƙe ta ƙasa. Yana barci na ɗauki shebur na haƙa rami a gindin katangar baya na binne waɗanda suka lalace. Na gaya wa kaina mayar da abu ƙasa ba wulaƙanci ba ne. Ina turbuɗa ƙasa na ji bakina yana karanta abin da ake karantawa a wani wurin daban. Na yi maza na yi a'uziyya, na jefar da shebur ɗin.

Adiza tana shanya ta hango ni ta saman katanga.

"Hajiya, me kake binnewa da rana tsaka?"

Na ce taki ne.

"Taki mai ƙamshi haka? Ni ban gane maka ba koraa, ko kaɗan." Ta sauke murya. "Na yi aikin jinya shekaru, Hajiya. Mai ciwo in ya ce yana son abu, ba kullum yake sake faɗi ba."

Na ce na gode, na shige. Masu sauran kyau na goge su na sa a ƙaramin firjin gareji. Wa nake ajiye wa? Ban sani ba.

Juma'a, 26 ga Mayu, la'asar

Yau bai tambayi jirgi ba.

Na jira har azahar, na yi ta gilmawa ta gabansa. Bai tambaya ba. Ƙamshin yana matakala, yana cikin mayafina, na yi sujada na ji shi a sallaya. Ɗazu ina ninke kaya na ji tim, kamar faɗuwar mangwaro a kan kwano. Rufin gidan nan ba kwano ba ne, kuma ba bishiyar da ta kai shi.

Asabar, 27 ga Mayu, hantsi

Na sauko na neme shi a falo babu. Na same shi a kicin, zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofar gareji, carbi a hannu. Ya janye tawul ɗin da na cusa, ya ninke shi ya ajiye a gefe. Wuyansa ya yi tsawo a cikin rigar.

Na ce, "Baban Radiyya, lafiya? Ga kujeru."

Ya ce, "Nan ya fi iska."

Ƙofar ba a kulle take ba. Hannu kawai zai miƙa. Mako biyu yana kwana yana tashi da ƙamshin nan, bai murɗa ba, don kada ya mai da ni maƙaryaciya a gidana. Na zauna kusa da shi.

Can ya ce, "Lami, ni fa ban tambayi abin da ya kawo shi ba. Baƙo ya riga ya shigo ya zauna, ke kina ta binciken wa ya bar ƙofa a buɗe."

Na ce, "In kuma ni ce?"

"In ke ce, na yafe. In ni ne da kwaɗayina, na sha daɗina. Tashi ki ɗaga ni, ƙafata ta yi sanyi."

Na ɗaga shi. Bai fi buhun gari nauyi ba, mutumin da da sai ya cika ƙofa.

Lahadi, 28 ga Mayu, bayan isha'i

Da asuba na duba firjin. Duk sun yi baƙi ta ciki, sai guda ɗaya. Na wanke shi, na ce yau zan ba shi, komai ta fanjama fanjam.

Ban gama shanya hannu ba aka fara sallama. 'Yan dubiya, mota bayan mota, mutanenmu na nan da na Virginia, da matansu da 'ya'yansu. Allah ya saka musu, ban ce ba su kyauta ba. Amma na san halin mijina. In na fito da mangwaro ɗaya a gaban baƙi, bismillah zai yi musu, ya miƙa wa ƙaramin yaron da ya fi kusa, ya ce shi ya ƙoshi. Bai taɓa cin abu shi kaɗai ido na kallonsa ba. Na ce bari su tafi.

Ba su tafi ba sai yanzu. Kafin in raka na ƙarshe in dawo, barci ya kwashe shi a kujera. Ban tashe shi ba. Gobe hutu ne, ba mai zuwa, daga ni sai shi sai Radiyya. Aiki sai jibi. Gobe da hantsi, in Allah ya kai mu.

Litinin, 29 ga Mayu, bayan azahar

Na share barandar baya. Na shimfiɗa jarida. Na fito masa da singileti mai tsabta na ajiye a kan gado. Unguwa duk hayaƙin gashin nama, yau ranar hutunsu ce. Na sa mangwaron a tire, ban kawo wuƙa ba, na je na tsaya a kansa.

Na ce, "Jirgi ya sauka."

Ya dubi tiren, ya dube ni. Ya yi wata 'yar dariya wadda ban so ba. A gefensa akwai kofin romo tsararo, wanda ake hango gindin kofi ta cikinsa, da wata babbar gorar magani. Radiyya tana bakin ƙofa, ta sa hannu ta rufe bakinta.

Ya ce, "Hajiya, ai tun daren jiya aka rufe min baki. Yau daga ruwa sai ruwa. Ba ki ji likita ba?"

Ban ji ba. Ina wurin, a kujerar da ke kusa da ita, ban ji ba. Na ce to bayan aiki. Radiyya ta ce a hankali, bayan aiki sai an yi makonni kafin a bar shi ya taɓa irin wannan. Mangwaron ba zai kai jibi ba, duk mun gani, gefensa ya fara laushi.

Na juya zan fita da shi, ya ce, "Ina za ki? Kin shimfiɗa jarida?"

Ya sa singiletin. Muka fita baranda, ya zauna a kan jarida da ƙyar, ya karɓa. Ya daɗe yana shinshina shi, ido a rufe. Sannan ya fara luguiguita shi da hannu biyu, a hankali, yana juyawa, yana hutawa, don hannun ba ƙarfi. Da ya yi ruwa ya miƙo min.

"Sha in gani."

Na ce ba zan iya ba.

"Tsoron tambarin kike?"

Na karɓa na ciji tsinin. Ruwan ya biyo haɓata, ya gangara har gwiwar hannu, ya ɓata min zane. Ina sha ina kuka, shi yana kallon bakina, maƙogwaronsa na motsi.

"Yaya? Akwai ɗan tsamin nan daga ƙarshe?"

Na ce akwai.

"Kusa da ƙwallo ya fi zaƙi. Kada ki bar komai, 'yar boko."

Ban bar komai ba. Na suɗe ƙwallon har ya yi fari. Ya karɓa ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce na bana ya fi na bara, daga gani.

Talata, 30 ga Mayu, hantsi, a ɗakin jira

Sun shiga da shi. Kafin su tura gadon ya kamo hannuna ya kai hancinsa, ya ce da saura.

Na kira shagon Annandale na ce a sa sunansa a na baɗi. Yaron ya ce ai da wuri, ba a fara rubutawa ba, in kira in shekara ta zagayo. Na ce ya rubuta yanzu. Ya ce kwali nawa? Na ce ɗaya. Ya ce sunan wa zai sa, wa zai zo ɗauka?

Radiyya ta karɓe wayar daga hannuna. Ƙofar da suka bi da shi har yanzu ba ta buɗe ba.